Alhaji Gwadabe, Wanda Ya Hana a Rushe Kamfanin Fata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Afrilu, 2009, Allah ya karɓi ran Alhaji Gwadabe Isiyaku Panshekara, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar tsohon kamfanin fata da ke Challawa, wurin da ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa a kansa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya da jikoki, ya kuma bar wani dogon gini na jan bulo wanda, ba don taurin kansa ba, da yanzu ko harsashinsa ba a gani.

Ni Sagir, ƙanin matarsa ne, Hajiya Jummai, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa. Tun ina makarantar firamare muke tsokanar juna, har furfura ta fito mana duka. Saboda haka mai karatu ya yi mini uzuri idan ya ci karo da dariya a inda yake zaton kuka. Kukan na yi shi a maƙabarta, kuma ban gama ba. Amma Yaya Gwadabe, da kai nake yanzu: in na rubuta maka ta'aziyya babu tsokana a ciki, kai da kanka za ka ce ba ni na rubuta ba.

Ka shiga kamfanin fatar nan kana saurayi, ka fara da ɗaukar ƙiraga a kafaɗa, har ka zama shugaban sashen da ake jiƙa fatu a manyan ramuka da magunguna. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Challawa a wancan zamani ya san sashen nan ko bai gan shi ba, domin iska ce ke kai labarinsa har Panshekara. A cikinsa ka yi fiye da shekara ashirin. Da wuta ta yi ƙaranci, kayan waje suka cika kasuwa, kamfanoni suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya daga Bompai har Sharada, naku ma ya bi sahu a shekarar 2002. Aka sallame ku, aka kwashe injuna, aka bar ginin da tantabaru.

Abokan aikinka suka watse, wasu suka kama acaba, wasu suka koma gona a Jigawa. Kai kuwa kullum da safe sai ka hau babur ɗinka ka je ka zauna a ƙofar kamfanin kamar mai jiran a buɗe. A irin wannan zama ne ka ga 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun zo da igiyar awo suna kallon rufi, ka ji cewa za a kware kwanon, a cire ƙarafa, a rushe bangon a yanka filaye. Ranar ba ka ci abincin rana ba. Ka zo gidana kana bayyana mini ginin kamar mai bayyana budurwa: tsayin rufinsa, tagoginsa na can sama da ke jawo iska ko babu fanka, da bulon da in ka buga masa ƙusa ita ce za ta lanƙwashe. Ka ce mutane sun yi gumi sun gina wannan, kai ba ka ga dalilin da za a sake yin wani gumin a rushe shi ba.

Washegari ka tafi wurin mai kamfanin, wani dattijo da tsufa ya riga ya zaunar a gida. Ya tambaye ka abin da za ka yi da wurin in ya ba ka haya. Ka ce ɗakin biki za ka mayar da shi, irin waɗanda aka fara yayi a cikin gari. An ce dattijon ya yi dariya har sai da aka kawo masa ruwa, sannan ya miƙa maka mabuɗai, ya ce shi dai yana roƙon Allah ya ba shi tsawon rai ya ga amaryar farko.

A nan ne ya kamata in faɗi abin da duk danginmu suka sani, ban da kai. Yaya, hancinka ya yi ritaya tun kafin kai ka yi. Magungunan jima sun kashe shi a hankali har ba ka lura ba. Yaya Jummai ta gaya maka wurin yana wari, ka ce mata ba sa son ci gaba. Ni ma na gaya maka, ka ce malamin makaranta ne ni, ban san komai ba sai alli. Limamin unguwa ya je ya sa albarka, ya taƙaita addu'a ƙwarai, ya fito yana cewa gini ya yi kyau, sai dai a ƙara buɗe tagogi. Ka ɗauki wannan a matsayin yabo.

Aikin kuwa ka yi shi da gaske. Ka cike ramukan jima da yashi ka shafe su da siminti, aka wanke bulo har jansa ya fito, aka yi wa ƙarafan rufi fenti, ka jera fankoki, ka sayo fararen kujerun roba. Ka sa aka rubuta allo babba a ƙofa: Zauren Ni'ima. Mai rubutun ya tambaye ka ko ka tabbata da sunan, ka ce ya rubuta kawai. Duk wannan a lokacin sanyi aka yi shi, lokacin da warin yake kwance yana hutawa, har mu ma muka fara tunanin ko mu ne muka matsa.

Sai bazara ta zo, ta zo da auren autarka Nafisa. Dangin ango mutanen Dorayi ne, masu son tsari, kuma mai faɗa a ji a cikinsu ita ce gwaggon ango, Hajiya Kulu, wadda ke sayar da atamfa da turare. Ka rantse cewa yinin bikin 'yarka shi zai buɗe Zauren Ni'ima. Yaya Jummai ta roƙe ka, ta turo manya suka roƙe ka, ba ka motsa ba. Da ta ga babu mafita sai ta aro kaskon turaren wuta daga duk gidan da ta sani a Panshekara, ta jera su a gindin bango kamar masu gadi.

Ranar an yi rana irin wadda ke narkar da kwalta. Siminti ya ɗauki zafi, abin da ke ƙarƙashinsa ya farka. Turaren Yaya Jummai ya yi iya ƙoƙarinsa, amma maimakon ya kori warin sai suka haɗa kai, suka haifi wani abu na uku da ba shi da suna. Mata suna shigowa da guɗa, guɗar na mutuwa a tsakiya. Kai kuma, da yake uban amarya ba ya shiga taron mata, ka tsaya a waje kusa da janareto kana jiran lokacin da za ka burge baƙi. Da ka ga zaure ya cika sai ka tayar da inji, fankoki suka juya gaba ɗaya, suka raba abin daidai wa daida har ga waɗanda ke kusa da ƙofa. Hotunan ranar suna nan a gidana. Babu fuskar da ake ganewa, domin kowace mace ta naɗe hanci da gyale, amarya kuma idonta ya yi ja, mai hoto ya ce mana kukan rabuwa da gida ne.

Hajiya Kulu ce ta fara fitowa, mutanenta na biye. Ka tare ta a ƙofa da fara'a, ka cire hannu daga aljihu, ka ce, "Hajiya, yaya kuka ga wurin namu?"

Ta dube ka daga hula har takalmi, ta ce, "Gani kam mun gani, Alhaji. Sauran ne ba mu iya ba."

Ka dawo wurina kana murna, ka ce ka ji, har ta rasa bakin yabo.

Kafin la'asar abin ya daina zama na dariya. Saƙo ya zo daga Dorayi cewa an wulaƙanta su da gangan, an tara su a kwatami don a nuna musu ba a ɗauke su da daraja ba, kuma ba za su aiko da motocin ɗaukar amarya ba sai an zauna. Nafisa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Kai kuma ka tsaya a kan cewa sharri ne na masu ɗakunan biki na cikin gari.

Da safe Yaya Jummai ta kira ni in zama shaida. Ta zaunar da kai a tsakar gida, ta ɗaure maka ido da hiraminka, ta ce ka faɗi abin da za ta kawo kusa da hancinka. Ka yarda, kana cewa yau za a san mai gaskiya. Ta kawo kananzir, ka ce ruwan randa ne. Ta kawo daddawa, sabuwa, mai ƙarfi, wadda ni da ke nesa sai da na ja da baya. Ka shaƙa sosai, ka yi tunani, ka ce lemon zaƙi. Ta kwance maka ido, ka ga abin da ke hannunta.

Ka zuba wa daddawar ido, fara'arka ta gushe. Ban taɓa ganin ka haka ba, kuma na ji ba daɗi, domin a fuskarka na ga mutumin da ya gane cewa aikin da ya ba ƙuruciyarsa ya ɗauke masa wani abu bai sani ba. Yaya Jummai ta matso kusa da kai. Ta ce, "To Alhaji, duk shekarun nan da kake cewa humrata ta fi ta kowa ƙamshi fa?"

Ka ce, "Na ga kina so a yaba ne, Jummai."

Ta jefe ka da hiramin, amma tana dariya tana share ido.

Abin da ka yi bayan nan shi ne dalilin da ya sa nake girmama ka duk da tsokanar da nake maka. Ba ka aiki kowa ba. Ka sa babbar riga, ka ƙunshe daddawar nan a leda, ka ɗauke ni a babur muka nufi Dorayi. A gaban Hajiya Kulu da mazan gidan ka durƙusa, kai da ka girme ta, ka ce ba wulaƙanci ba ne, lalura ce, kuma sai yau da safe ka san kana da ita. Ka miƙa mata ledar ka ce ta gwada ka da kanta. Ba ta karɓa ba, ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar turarenta mafi tsada, ta buɗe a hancinka. Ka ce, cikin ladabi, kamar dai man gyaɗa. Matar nan ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce a tayar da motoci, yarinya ba ta da laifi, uban ma ashe ba shi da shi. A ranar Nafisa ta tare, kuma yau 'ya'yanta suna cikin masu kukan rashinka.

Kowa ya ɗauka za ka mayar da mabuɗai. Ni kaina na ba ka wannan shawara. Ka ce ginin bai yi laifi ba, kai ne ka rufe ƙazanta da siminti maimakon ka kwashe ta. Ka sa aka farfasa daɓen da ka yi da hannunka, aka haƙe ramukan har ƙasa mai kyau ta fito, aka kwashe baƙar laka a tifa, aka zuba farar ƙasa da gawayi. Ka bi tsohuwar magudanar da ke ƙarƙashin ginin ka buɗe ta ka wanke. Ka dasa darbejiya a kewaye. Da yake ba ka da abin auna aikinka, sai ka naɗa Yaya Jummai sufeto. Duk ranar Asabar za ka goyo ta a babur, ta shiga tana zagayawa a hankali tana shaƙa, kai kana binta da alli a hannu. In ta tsaya ta yamutsa fuska, ka zana da'ira a wurin, Litinin a haƙa. Leburori in sun hango ku sai su ce wa juna a tashi, hancin Alhaji ya iso. Ka ji, ba ka taɓa yin fushi ba, har kai ma ka koma kiran ta haka a gida.

Ya ɗauke ku shekaru, amma warin ya tafi. Abin da ya rage shi ne wani ɗan ƙamshi na fata da ya shige cikin bulo, wanda sufeto ta ce ko an shekara ɗari ba zai fita ba, kuma ba ya cutar da kowa. Sai dai suna ya riga ya tafi. 'Yan acaba sun sa wa mahaɗar suna Zauren Wari, kuma babu uwar da za ta kai 'yarta can. Kujerun roba suka yi ta zama cikin jeri suna jiran baƙin da ba su zo ba.

A cikin damina ta 2005 Malam Shu'aibu ya zo. Tsohon abokin aikinka ne a sashen jiƙa fatu, wanda bayan sallama ya koma ɗinkin takalma a gindin bishiya a Sharada, ruwa na dukan kayansa. Ya roƙe ka kusurwa ɗaya kafin ruwa ya ɗauke. Ka ba shi, amma ka ja masa kunne cewa na ɗan lokaci ne, domin nan ɗakin biki ne. Kafin kaka ya jawo wani mai ɗinka jaka, shi kuma ya jawo wasu 'yan'uwa biyu daga Maraɗi masu yin ɗamara da sirdin babur. Kowa ka gaya masa na ɗan lokaci ne. Sai ga wani abu da ba wanda ya tsara: 'yan kasuwa da ke zuwa sari, da sun shigo sun shaƙi iskar wurin sai su ce lallai nan fata ce ta gaske, ba roba ba. Abin da ya kori amare shi ya jawo masu saye. Ka raba zauren da katako shago shago, aka sa wuta, aka kawo kekunan ɗinki, mutanen da kamfani ya sallama suka dawo aiki a ƙarƙashin rufin da suka sani.

Doka ɗaya ka kafa, kuma a kanta ba ka da wasa: ba a taɓa bulo. Na ga ranar da wani ya zo da guduma zai fasa bango ya fitar da ƙofa ta bakin titi. Ka zauna a ƙasa, ka jingina bayanka da daidai wurin, ka ce ya fara da kai. Har aka yi sallar azahar kana nan, sai da ya mayar da gudumar. Kuma duk da shaguna sun ci wuri, ka ware ƙarshen zauren ta gabas, ka bar shi da kujeru da labule, ka ce nan na biki ne, ko da za a yi shi bayan ranka.

Allah bai bar ka da jira ba. A 2007 Malam Shu'aibu, wanda matarsa ta rasu da daɗewa, ya nemi auren Asabe, bazawarar da ta shekara tana sayar da shinkafa da wake a ƙofar kamfanin tun yana aiki. Da aka zo maganar wurin walima, Asabe da kanta ta ce ita a Zauren Ni'ima take so, domin a ƙofarsa ta ci ta sha, ta aurar da 'ya'yanta. Baƙin duka tsofaffin ma'aikatan fata ne da iyalansu, wato taron da ya fi kowane taro a Kano ƙarancin hanci mai aiki. Aka ci, aka sha, aka yi addu'a, ba wanda ya naɗe fuska. Ka yi ta zagaye cikin babbar riga kana tambayar kowa ko yana jin wani abu, kowa na cewa babu. Daga ƙarshe ka zo kaina, domin ka san ni ba zan rufa maka ba. Na ce maka ƙamshin shinkafa kawai nake ji, kuma wallahi gaskiya na faɗa. Ka juya ka fuskanci bango ka daɗe kana gyara hula.

Yau in mutum ya bi titunan Sharada da Bompai zai ga manyan gine-gine da bishiyoyi suka tsiro a cikin rufinsu, wasu kuma an share su kamar ba a taɓa yi ba. Naka yana tsaye, kekuna na kuka a ciki daga safe zuwa yamma, gidaje masu yawa na cin abinci daga gare shi. Ba ka yi karatun zanen gini ba, ba ka taɓa yin jawabi a taro ba. Ka dai ƙi yarda ne cewa abu ya ƙare don kawai aikinsa na farko ya ƙare.

Ganina da kai na ƙarshe a asibiti ne, ranar Lahadi da yamma. Na zo da niyyar mu yi sallama irin ta manya, mu yafi juna. Ka bar ni na gama, ka ce ka yafe, duk da cewa tsokanata ta fi taka yawa. Sannan ka kama hannuna ka jawo ni kusa. Na sunkuya ina zaton wasiyya ce a kan iyali. Ka ce, "Sagir, kwanon kusurwar arewa yana yoyo. Ka gaya musu kada su bari ruwan farko ya same shi."

Na isar da saƙo ga masu shagunan zauren ranar sadakar uku. Waɗannan mutane da ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba, ko a kan wanda zai share ƙofa, washegari da sassafe na same su a kan rufi. Malam Shu'aibu da tsufansa yana riƙe da tsani a ƙasa yana ba da umarnin da ba mai bi, Asabe ta kawo tukunyar shinkafa, Yaya Jummai na gida cikin takaba ta aiko a gaya musu su duba kusurwar kudu ma. Sun gama kafin rana ta take. Da suka sauko ba wanda ya koma shagonsa. Suka zauna a inuwar bangon, sai ɗaya daga cikin mutanen Maraɗi ya ɗaga hannu ya fara addu'a, muka bi shi.

Allah ya jiƙanka, Yaya Gwadabe. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sa inuwar da ka bar wa bayinsa ta zama inuwa gare ka ranar da babu wata sai tasa. Ina miƙa ta'aziyyata ga yayata Hajiya Jummai, da Nafisa da 'yan'uwanta, da jikoki, da surukanmu na Dorayi, da Malam Shu'aibu da duk masu sana'a a Zauren Ni'ima, da mutanen Panshekara da Challawa baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.